Igiyar Yaya Sabo da Ƙofar Baba

Tun da na dawo daga Damagaram ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta bakin kasuwar Roni ba. Da na zauna sai a fara. Wannan ya tambayi kilishi, wancan ya tambayi ko da gaske ne jandarmomin Nijar ba sa dariya, wani kuma ya ce shi dai a gaya masa yadda aka yi muka tafi sayen inji muka dawo muka rushe gini. Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba, har ya dawo kunnena wai an tsare mu a iyaka saboda satar akuya. To ga shi na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in sha shayina.

Ga wanda bai san mu ba, ni Habu ne, malamin firamare a nan Roni. Yayana Sabo shi ne ɗan kasuwar gidanmu, gyaɗa yake saya a kasuwannin ƙauye ya kai Kano. Tun muna samari abu ɗaya ke ci masa rai: ya sayar da gyaɗa da araha, a matse ta a birni, a dawo mana da manta a jarka da tsada. Kullum maganarsa ke nan, sai ya kafa kamfanin matsar mai a Roni ko da a bakin injin zai cika.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, magini ne, rabin zaurukan unguwarmu aikin hannunsa ne. Da ya ji Yaya ya matsa da maganar kamfani, bai jira an sayi ko noti ɗaya na inji ba. Ya ɗauki cokalin gininsa ya tafi filinmu na bakin titi ya tayar da ɗaki. Da aka zo kan ƙofa sai ya yi abin da ya saba yi a kowane zaure: ya sa aka aro jakin maƙwabcinmu, aka ɗora masa mangala cike da gyaɗa, aka tsayar da shi, Baba ya ja layi a ƙasa ta kowane gefe, ya ƙara tafin hannu. A wurinsa, ƙofar da jaki zai shige da kayansa bai goga ba ita ce ƙofa, abin da ya wuce haka almubazzaranci ne. Ya yi mata baka a sama, ya shafe ta sumul, ya danna tafin hannunsa a jikin ɗanyen simintin. Ita ce aikinsa na ƙarshe. A daminar wannan shekarar ya kwanta, bai tashi ba.

Bayan an share makoki Inna ta kira Yaya ta ce, "Sabo, ka yi duk abin da za ka yi da filin nan, amma ƙofar nan kada in ji an taɓa ta ina raye." Yaya ya durƙusa ya ɗauki alkawari. Ɗakin ya yi shekaru a kulle, ɓeraye suna haya kyauta.

Bana sai labari ya zo cewa wani Alhaji Mahaman a Damagaram ya sayi sabon inji, yana neman mai sayen tsohon. Yaya ya ce da ni za a tafi tunda ana hutun makaranta, kuma wai ni ne ɗan boko, na ji Faransanci. Faransancina kalma ɗaya ce, amma wa zai ƙi tafiyar da ba shi zai biya mota ba? Na ce a ɗauki tef a auna ƙofar. Ya ce tef na teloli ne, kuma mutanen can ma ba irin awonmu suke yi ba. Ya samo igiyar rama sabuwa, ya auna faɗin ƙofar ya yi ƙulli, ya auna tsayinta ya yi wani ƙullin, ya naɗe ta ya rataya a wuya. Abin da muka je yi ke nan a taƙaice: mu ga ko injin zai shige ƙofar Baba.

A tashar Kazaure muka shiga motar Babura, irin wadda ake cusa fasinja har a kujerar direba. Kusa da ni wani mutumin Gwiwa ne mai suna Isiyaku, wanda ya daɗe a Ikko yana aikin ɗaure ƙarafan ginin kamfanoni. Surukansa zai je gaisarwa, kuma Allah ya hore masa baki. Ba mu yi nisa ba ya zungure ni ya nuna mini wani get ɗin ƙarfe mai fenti shuɗi, da katanga doguwa, da allo mai hoton buhun shinkafa.

"Malam, ka ga kamfani ko?" in ji shi. "Tun ina zuwa hutun Sallah nake ganinsa. Leƙa ta saman katangar."

Na leƙa. Gero ne a ciki ya yi kyau, mai gadi yana tsakiya da fartanya.

Daga nan na fara lura, kuma na gane mu a wannan yanki kamfani daga get muke fara shi. A ja katanga, a sa get, a kafa allo da sunan Alhaji da 'ya'yansa, a gina ɗan masallaci, a ɗauki mai gadi. In kuɗi sun rage sai a fara tunanin abin da za a sa a ciki. Kuma yayi muke bi kamar na atamfa. An yi zamanin gidan mai, aka yi na ruwan leda, aka yi na gidan bulo, yanzu kowa shinkafa. Ban ce duka ba, don mun wuce wasu da hayaƙi ke tashi, tireloli sun yi layi a bakinsu. Amma get ya fi hayaƙi yawa.

Isiyaku ya ce a Kudu ba haka ake yi ba. "Can, ranka ya daɗe, ba a kwaɓa siminti sai na daɓe. Ƙarafa ake kawowa a tirela, kowanne da lambarsa, mu ɗaure da noti kamar gadon amarya. Ka tafi hutu ka dawo ka tarar da kamfani inda ka bar ciyawa. A Kano kuwa tsofaffin kamfanonin ma sito ake mayar da wasunsu."

Yaya ya ce ginin da aka ɗaure da noti ai da noti za a kwance shi, ya shiga ba shi labarin ɗakin da Baba ya gina. Isiyaku ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "To Alhaji, kun ga injin kafin a yi ginin?" Yaya ya ciro goro ya miƙa masa, ya ce ya ci. Na san Yaya, in ya ba mutum goro a tsakiyar magana to rufe masa baki yake so ya yi.

Mun wuce Kanya Babba kaɗan but ɗin motar ya buɗe da kansa, kwanukan wata tsohuwa suka bi titi suna kiɗa. Aka tsaya aka tsince. But ya ƙi rufuwa. Direba ya duba hagu da dama, idonsa ya sauka a wuyan Yaya.

"Alhaji, ara mana igiyar nan."

Yaya ya ce ba ta aro ba ce. Fasinjoji suka yi masa ca, tsohuwar ta ce, "Bawan Allah, igiya ce fa, ba carbi ba." Da ƙyar ya bayar, bisa sharaɗin kada a kwance ƙulli ko ɗaya. Har muka isa Babura wuyansa a juye yake yana kallon baya.

Su mutanen Babura ba ruwansu da inji, sito suke ginawa, dogaye marasa taga, na riɗi da hatsi, kowanne da ƙofar da tirela za ta shiga da baya. Na ga Yaya ya kalli ɗaya daga ƙofofin ya kau da kai. A nan muka rabu da Isiyaku, muka canji kuɗi. Na miƙa damin naira aka ba ni 'yan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba, na ji kamar an yi mini fashi da sallama.

A iyaka, ɓangarenmu ba a tsayar da mu da yawa ba. Ɓangaren Nijar ne wani jandarma dogo ya duba katinmu. Yaya ya taka mini ƙafa, wai lokacin Faransanci ya yi. Na gyara murya na ce bonjur. Mutumin ya ji daɗi, ya zubo mini amsa mai tsawon huɗubar Juma'a. Na tsaya ina murmushi. Yaya ya dube ni ya ce, "Makarantar da Baba ya sa ka ta tashi a banza." Jandarman ya koma Hausa, Hausar da ta fi tamu kauri, ya ɗaga igiyar da ke wuyan Yaya.

"Ina bisar?" Wato dabba yake nufi. A ganinsa duk wanda ya tsallaka iyaka da igiya sabuwa, ko dai dabba ya zo saye, ko kuma ya riga ya bi da ita ta daji.

"Ba dabba ba ce, ranka ya daɗe," in ji Yaya. "Ƙofa ce."

Jandarman ya kalle shi, ya kalli igiyar, ya kira abokin aikinsa. "Zo ka ga ɗan Najeriya ya ɗauko ƙofa a wuya." Sai da Yaya ya warware ta a ƙasa ya nuna musu faɗi da tsayi. Masu tambaya ko suna dariya, to suna yi, har da riƙe ciki. Asalin labarin akuyar ke nan.

A Magarya muka ci abinci. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa ya yanka mini dasashi, amma in aka tsaga shi aka zuba wake da mai sai ka yafe masa. Shayinsu kuma a ɗan kofin da bai fi murfin kwalba ba ake ba ka, baƙi ƙirin, mai ɗaci. Na shanye na miƙe, mai shayin ya ce ina za ni, saura na biyu da na uku. Mu da muka saba da kofin da ake tsoma rabin burodi a ciki, wannan ai magani ne.

Alhaji Mahaman dogon mutum ne mai fara'a, gaisuwarsa kaɗai ta isa a dafa shinkafa. Da muka isa Damagaram ya sauke mu a ɗakin baƙi na zauren gidansa. Yaya ya so a wuce wurin inji nan take, Alhaji ya ce sai mun ci mun huta, kuma ma'aikata ma sun tashi. Can in rana ta take kowa rufe harkarsa yake yi ya tafi ya kwanta, ba kunya ba tsoron Allah, sai la'asar. Aka kawo dambu da zogale da kilishin da har yau in na tuna shi sai na haɗiye yawu. A kan kilishi dai mu yi shiru, sun fi mu.

Da safe Yaya ya rataye igiyarsa a ƙusa muka tafi masallaci. Muka dawo ba igiya. Muka leƙa ta ƙofar zaure, sai ga ta an ɗaure ta daga wannan bango zuwa wancan a tsakar gida, an shanya mata barguna jiƙaƙƙu, ta lanƙwasa har tana neman taɓa ƙasa. Cikin gidan mutane ne, ba damar shiga. Yaya ya tsaya a zaure yana rafka sallama yana tari, har Alhaji ya fito ya karɓo masa ita yana ba da haƙuri. Ta dawo jiƙe, kuma ko makaho ya san ta ƙara tsawo.

Na ce, "Yaya, igiyar nan fa ta miƙe."

Ya ce, "Kai ka miƙar da ita? To Allah ne ya miƙar. Rufe mana baki."

Kamfanin Alhaji yana bayan gari. Na yi ta baza ido ina neman get, sai na ji an ce mun iso. Ba katanga, ba allo, ba mai gadi. Daɓen siminti ne, da inji a kai yana ruri, da ginshiƙan ƙarfe, da kwanon rufi can sama. Bangon ma rabi ne, wata akuya tana kwance a inuwarsa. Na tambayi Alhaji yaushe za a gama ginin, ya ce ai an gama.

"Mu nan inji muke fara saye," in ji shi. "Mu girka shi bisa daɓe, mu tada shi. In ya fara ciyar da kansa sai mu yi mishi inuwa daidai jikinsa. Katanga sai ta samu."

Na ce, "Ɓarayi fa, Alhaji?"

Ya nuna injin da haɓa. "Wa zai ɗauki wannan a ka?"

Tsohon injin yana gefe an lulluɓe shi da tamfol. Aka yaye. Abu ne kamar giwa ta durƙusa, da wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe a kansa inda ake soya gyaɗar kafin ta gangara wurin matsa. Yaya ya yi bisimilla ya miƙo mini bakin igiya. Na dafe a wannan gefe, ya ja zuwa wancan. Ƙullin faɗi ya tsaya, saura fiye da kamu guda. Ya ce ban riƙe daidai ba. Muka sauya gefe. Ya ja har jijiyoyin wuyansa suka tashi, kamar mai jan bijimi zuwa mahauta, igiyar da barguna suka riga suka yi mata alheri ta ce iyakarta ke nan. Ƙullin tsayi kuwa a kafaɗar injin ya tsaya. Ba ƙofar kaɗai ba, rufin ɗakinmu ma tukunyar ta fi shi tsawo.

Yaya ya tambaya ko ana kwance shi. Alhaji ya ce tukunyar an daɗe da yi mata walda da jikin injin, in aka yanka to tsohon ƙarfe muka saya. Ya tambayi dalilin igiyar, Yaya ya ba shi labarin jaki da mangala da alkawarin Inna. Na zaci zai yi dariya irin ta jandarma. Bai yi ba. Ya ɗaga hannu ya yi wa Baba addu'a, ya ce akwai wani mutumin Maraɗi da ke son injin, amma zai riƙe mana shi zuwa kaka.

Yaya ya zauna a kan daɓen nan da babbar rigarsa. Duk tsiyar da nake yi masa, ranar na tausaya masa ƙwarai. Can ya ce, "Habu, in na rushe, da wane ido zan kalli Inna? In na bari, haka zan tsufa ina kai wa mutanen Kano gyaɗa."

Muka kamo hanyar gida. A iyaka jandarman nan ya gane mu, ya ɗago hannu ya ce, "Ƙofar ta yi?" Yaya ya yi kamar bai ji ba. Sai da muka baro Babura muka fara wuce get-get ɗin nan masu gero a bayansu, sannan wani tunani ya faɗo mini.

Na ce, "Yaya, a ƙasar da get yake shekaru a tsaye babu kamfani a bayansa, wa zai yi mana dariya don ƙofa ta tsaya babu bango? A rushe ɗakin a bar ƙofar. A girka inji a bayanta, a yi masa rumfa irin ta Alhaji."

Ya ce na fara taɓuwa. A haka muka shiga Kazaure. Muna sauka daga mota ya ce, "Kai za ka gaya wa Inna."

Mun same ta bayan la'asar tana ɓarar gyaɗa a tabarma. Na fara ajiye kilishi a gabanta, don ni ma ba wawa ba ne. Na yi ta kewaye-kewaye, daga burodi zuwa shayi, har ta ce in faɗi abin da ke bakina. Na faɗa. Yaya yana durƙushe kansa a ƙasa. Ta ci gaba da ɓara, sannan ta ce, "Ɗakin ai da gaggawa ya yi shi, har na ce masa bangon baya ya karkace ya yi fushi. Ƙofar ce ya zauna mata. Ku rushe abinku. Amma in ta tsage, Sabo, kada ka zo gaishe ni."

Ranar rushewa rabin Roni ta zo kallo. Yaya ya hana a sa guduma kusa da ƙofar, da kurfi, ɗan ƙarfen sassaƙa, aka riƙa cire bulo ɗai-ɗai, shi kuma ya rungume ginshiƙinta, duk bugun da aka yi sai ya runtse ido. Ba ta tsage ba. Muka aika Gwiwa aka nemo Isiyaku, ya zo yana washe baki, bai ce ai na faɗa ba, amma Yaya ya ba shi goro tun kafin ya zauna. Inji ya iso da kaka, aka girka shi a kan sabon daɓe, Isiyaku ya ɗaure masa rumfar ƙarfe da noti. Gaban rumfar a buɗe yake, tirela ma za ta shiga. A tsakiyar wannan fili kuma ga ƙofar Baba tsaye ita kaɗai, ba bango a dama, ba bango a hagu. Direban da ya kawo injin ya zagaya ta ya ce shi duk yawonsa bai taɓa ganin ƙofar da ake kewayewa a shiga ba.

Ranar da aka tada inji muka ɗauko Inna. Ta sauka daga mota da sandarta, ga fili fetal ta ko'ina, amma ta miƙe sai bakin ƙofar. Ta yi sallama, ta ɗora hannunta a kan shaidar tafin Baba, ta shige. Mu ma duk sai muka bi ta nan a layi, har Isiyaku. Ni dai idona ya cika, na fake da hayaƙin inji.

Muna tsaye sai ga wani manomi daga ƙauye ya koro jakinsa da mangala cike da gyaɗa, cinikin farko. Yaya ya nuna masa gefe ya ce ya bi ta fili. Jakin bai saurari kowa ba, ya nufi ƙofar ya shige abinsa, ko gefe ɗaya na mangalar bai goga ba.

Inna ta juyo ta dube mu ta ce, "Kun gani? Shi awonsa daidai ne. Ku ne kuka je kuka sayo abin da ya fi jaki."